Hoton da Inna Ta Kawar da Kai

Ni 'yar fari ce, kuma sunan kakata ta wajen uba aka sa mini. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da wannan yake jawowa. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana nemana sai ta ce "ke", ko ta aiki ƙanena ya kira mata "waccan". Da aka yaye ni kaka ta ɗauke ni, a ɗakinta na yi wayo, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakunan. Ƙannena huɗu a gabana aka goya su, aka yi musu wasa da kirari. Ni kuwa ko zazzaɓi ya kwantar da ni, sai dai Inna ta dama kunu ta miƙa wa kaka, sannan ta tsaya a bakin ƙofa tana tambaya ko wani ya ga tsintsiyarta.

A Wad Madani ta ƙasar Sudan aka haife ni, a 1994. Kakanninmu a ƙasa suka taho daga wajen Sakkwato da niyyar hajji, guzuri ya ƙare a bakin Nilu, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira don su tara na ƙarasawa, har yau ba a gama tarawa ba. Wasu danginmu suna Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. A waje Larabci muke yi, ana ce mana Fallata. A cikin gida Hausa ce. Baba agashe yake gasawa da yamma, Inna tana sayar da godo-godo, wani abu mai kama da fura, da gyaɗa, ni kuma tun ina 'yar shekara goma sha huɗu nake yi wa amare ƙunshi.

Abu ɗaya ne a gidan yake shaida cewa matar nan ta taɓa ɗaukata: wani hoto mai kala, bai fi tafin hannu biyu ba, rataye a ɗakin Baba sama da rediyo. Inna ce cikin tob, lafayar matan Sudan, ni kuma jaririya a hannunta. Shekara ashirin da tara ina wucewa ta ƙarƙashinsa. Da a lokacin an tambaye ni, da na rantse na haddace shi kamar Fatiha.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin azumi. Madani ta cika da masu gudu, mu ne muke ba su tabarma da abinci, har gidanmu ya ɗauki iyali biyu. A tsakiyar Disamba abin ya iso mana ta wajen gadar Hantub. Muka fita da kayan jikinmu da ƙullin magungunan Baba, muka kulle ƙofa kamar masu zuwa biki, don kowa cewa yake kwana uku ne. Babu wanda ya tuna da hoto. Ni hankalina kwance, domin na taɓa ɗaukarsa a wayata. Wayar ce aka karɓe a wani shingen masu bindiga kafin mu kai Sinnar. Daga can, a bayan lori, ta Dindir muka isa Gadarif, aka ba mu kusurwar wani aji a makarantar firamare, muka raba da labulen buhu tsakaninmu da wasu mutanen Omdurman.

Da damina ta 2024 kwalara ta shigo. Inna ta kwanta ranar Talata da hantsi, kafin asubahin Alhamis ta cika. Wanda bai ga wannan cuta ba ba zai gane saurinta ba. Cikin yini ɗaya idanunta suka faɗa, kumatunta suka zube, fatar yatsunta ta yamutse kamar wadda ta wuni tana wanki, muryarta ta dishe. Ni na kwana da ita a tantin da ake killace masu cutar, ina ba ta ruwan gishiri da sukari cokali-cokali tana dawo da shi. Ba zan yi ƙarya ba, a daren nan na yi ta jira ta kira sunana. Na ce a raina, yanzu dai ai babu sauran wanda za a ji wa kunya. Ba ta kira ba. Abin da ta yi, ta kama tsintsiyar hannuna ta matse, matsar da ban san tana da ƙarfinta ba, tana kallon rufin tanti. Saboda cutar ba mu samu mun yi mata wanka yadda muka saba ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Abin da ya same ni bayan nan ban iya gaya wa kowa ba sai yanzu. Fuskarta ta ɓace mini. Duk lokacin da na rufe ido ina nemanta, fuskar tanti ce take zuwa, mai rami a idanu. Shekara talatin na zama da ita, amma kwana biyu suka shafe su. Na daina ƙunshi. Na daina cin abin kirki. Abin da kawai nake riƙe da shi shi ne, ranar da aka koma Madani zan ciro hoton nan in dube ta da lafiyarta.

A Janairun 2025 aka ce an ƙwato Madani. Bayan wata guda ƙanena ya je dubo gida. Ba ƙofa, ba taga, ba ko wayar lantarki a bango. Ya ce a ɗakin Baba akwai ƙusa, a ƙarƙashinta kuma wani ɗan murabba'i inda fentin bango bai koɗe ba.

A ajin da ke kallon namu akwai wata dattijuwa daga Omdurman da kowa ke kira Ustaza. Ta yi karatu a kwalejin zane-zane ta Khartum, ta koyar a makarantun 'yan mata har ta yi ritaya. Mutane sun gudo da zinariya da takardun gida, ita kuwa jakar fenti ta rungumo. Da la'asar takan tara yara a gindin bishiyar dogon yaro suna zane da gawayi a bayan kwali. Na tsaya a kanta wata rana na ce, "Ustaza, ina so ki zana mini mahaifiyata." Ta ce ina hotonta. Na ce babu. Ta ce to ita ba ta taɓa ganinta da lafiya ba, ba kuma boka ba ce. Sai ta kama hannuna ta juya shi, ta ga baƙin lalle da ya zauna a gefen faratana. Ta ce, "'Yata, ke mai ƙunshi ce? Zauna. Ke za ki zana."

Na zaci washegari zan fara fuskar Inna. Wata guda cur ƙwai nake zanawa. Ƙwai, sai albasa, sai jabana, tulun gahawa. Launi ɗaya tal ta ba ni, wani ruwan ƙasa mai duhu da suke kira amba, a tsinka shi da tarbantin a shafe allon duka, sannan a ɗauki tsumma a goge inda haske ya sauka. Ni da na saba da bakin ledar lalle mai fitar da zare siriri, sai in kewaye ƙwan da layi kamar zan yi wa amarya fure. Ta ce, "Hannunki ya san layi, idonki bai san inuwa ba. Nuna mini layi a jikin ƙwan nan." Na duba, babu. Akwai dai wurin da haske ya ƙare duhu ya fara. Ta koya mini in ɗan lumshe ido har ƙananan abubuwa su ɓace, sai manyan gutsattsarin haske da duhu su rage. Wannan lumshe idon shi ne rabin sana'ar.

Kayan aiki kuwa sai dabara. Ƙyallen damuriyya muke ja a kan katako mu buga masa ƙusoshi, mu shafe shi da farin gam na kafinta, ya bushe, mu bi shi da farin fentin bango sau biyu. Idan ba a yi wannan ba, mai zai shiga cikin zaren ya ci shi a hankali. Gutsuren gilashin taga shi ne faifan haɗa launi. Ranar da na yi ƙorafin rashin kaya, sai ta ba ni labarin Ibrahim As-Salahi, babban mai zanen nan ɗan Omdurman, wanda aka tsare a kurkukun Kobar a 1975, yana zane a guntattakin takarda yana binne su cikin yashi kada a gani. Ban sake ƙorafi a gabanta ba.

Amma na yi wayon da ya ci ni. Man da ake haɗa fentin da shi na 'ya'yan kittan ne, ga tsada ga wuyar samu. Gadarif kuwa garin riɗi ne, man riɗi ko'ina. Na ce mai ai mai ne. Na zana albasa mai kyau, na ajiye, mako uku tana nan jiƙe sharkaf, ƙura ta manne, ƙananan ƙwari suka yi maƙabarta a kanta. Ustaza ta yi dariya har da hawaye. Ashe fentin mai ba ya bushewa irin ta wanki. Man kittan iska yake sha ya daskare ya zama fata, man riɗi kuwa ba ya yin haka ko shekara za a ba shi. Saboda wannan shan iskar ne ma tsumman da ya jiƙe da shi yake ɗaukar zafi, idan aka dunƙule aka tara yana iya kamawa da wuta shi kaɗai. A makarantar da mutum ɗari da wani abu ke kwana a kan tabarmi, kowane tsumma sai mun tsoma shi a ruwa kafin mu tashi.

Sai kuma ƙa'idar da take maimaitawa kamar wuridi: shafin ƙasa ramamme, na sama mai ƙiba. Wato a fara da fenti tsinkakke da tarbantin, kowane shafi da ya biyo baya a ƙara masa mai. Idan aka juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa, ya tsattsage kamar baƙar ƙasar Gadarif da rani.

Baba bai ce komai ba sai da na fara zana fuskokin mutane. Ya kira ni bayan sallar isha'i. "Uwata, kin san hadisin masu yin sura, da za a ce musu su busa rai ga abin da suka ƙaga?" Na ce na sani, Baba. Hakika na sani, kuma ya hana ni barci ba sau ɗaya ba. Ya ce zai tambaya. Bayan kwana biyu ya dawo daga wurin wani malami da ya yarda da shi, ya ce abin da aka gaya masa a mazhabarmu ta Malikiyya, haramcin yana kan sura mai jiki, wadda take da inuwa, kamar gunki; wadda take shimfiɗe a kan takarda ko ƙyalle ba ta kai haram ba, ko da yake barinta ya fi. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, ni kuma ba malama ba ce, ina faɗin abin da ya faru a gidanmu ne. Ya gindaya mini sharaɗi kada a rataye a inda ake salla. Daga nan bai ƙara magana ba, bai kuma taɓa leƙa abin da nake yi ba.

Fuska ta ba ni wuya fiye da yadda zan iya faɗa. Kullum sai in kai idanu can sama kusa da gashi, alhali a kan babban mutum idanu a tsakiya suke, rabi sama rabi ƙasa. Na jariri kuwa sun ma sauko ƙasa da tsakiya, goshi ne ya cinye wuri, wuya babu, kuma duk layin da ka ƙara masa shekara goma ka ƙara. Jaririna na farko ya fito kamar dattijon da ya zo karɓar bashi. Launin fata ma haka. Na haɗa baƙi da fari na sami toka, fuskar ta fito irin wadda nake gudu. Ustaza ta ɗauke baƙin fentin ta jefa a jakarta. Ta ce in dubi matar ƙanena da ke zaune a bakin ƙofa tana ba da nono, in faɗi launin da nake gani. Na ce baƙa ce. Ta ce in sake dubawa. Sai na ga goshinta yana ɗaukar shuɗin sama, kumatunta da ja-ja kamar jan ƙasa, ƙarƙashin haɓarta kuma launin tob ɗinta ne ya haska. Fatarmu da jan ƙasa ake haɗa ta, da rawaya, da wani shuɗi mai zurfi wanda Ustaza ta ce asalinsa ɗaya da bular da muke sa wa fararen kaya.

Da hannuna ya ɗan faɗa, sai ta ciro wata tsohuwar takarda da ta yago daga mujalla, zanen wata Ba'amurkiya mai suna Meri Kasat, wadda ta zauna a Faransa ta yi suna wajen zana uwa da ɗa, ita kuwa ba ta taɓa haihuwa ba. Ta ce in kwaikwaye shi, haka ake koyo tun da. Na ja layukan murabba'i a kan takardar, na ja irinsu a allona, na riƙa ɗauka gida-gida. Sau uku na yi shi. A nan na koyi yadda jikin yaro yake da nauyi a hannu, yadda naman cinya yake lotsawa inda yatsa ya danna, da yadda kai biyu idan sun haɗu inuwar ɗaya take faɗawa a kan ɗaya.

Sannan na fara nawa. Matar ƙanena ta zauna mini da jaririyarta, rabin awa kullum kafin yarinyar ta fara rigima. Na sa mata tob, na ɗauki jikinta da zamanta, fuska kuma na riƙa tattarowa: hancin ƙanwata, goshin autanmu, bakin Gwaggo ƙanwar Inna. Na koma ƙunshi don in sami kuɗin farin fenti, wanda shi ya fi saurin ƙarewa ya kuma fi jinkirin bushewa. Kullum da dare in juya allon ya fuskanci bango, in rufa masa gidan sauro saboda ƙura. Wata biyu na yi. Uwar ta sunkuyar da kai, kumatunta a jikin na jaririyar, tana kallonta tana murmushi. Ya yi kyau. Ustaza ma ta ce ya yi kyau.

Na kira Gwaggo ta gani. Ta matso, ta ja da baya, ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ikon Allah, ke kika yi wannan? Amma wace ce wannan marar kunyar, take shinshinar 'yar fari a gaban jama'a?"

Matan ajin suka kwashe da dariya. Ni na fita bayan makaranta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Don gaskiya Gwaggo ta faɗa. Ba Inna na zana ba. Matar mujallar nan na ɗauko na naɗa mata tob, na ba ta abin da na yi shekara talatin ina so a yi mini.

Da daddare ina kwance na ji motsi wajen allon. Baba ne, ya ɗaga gidan sauron yana haskawa da tocila. Ya daɗe a tsaye. Bai juyo ba ya ce, "Uwata, idonki biyu?" Na ce e. Ya ce, "Innarku bahaguwa ce. Da duka aka koya mata cin abinci da dama, amma tuƙi da shara da komai da hagu take yi. A hannun dama take ɗaukarku, don hagun ya zama a sake."

Na tashi zaune. Shekara talatin ina ganin matar nan tana tuƙa asida, ban taɓa lura da hannun da muciya take ba.

Ya zauna a bakin angareb, gadon nan na igiya, ya ba ni labarin ranar da aka ɗauki hoton. Yayansa da ke Jidda ne ya aiko yana son ganin jaririya. Inna ta ce sam, sai dai kaka ta riƙe. Kaka ta ce ita ba ta shiga gidan hoto. Da ƙyar aka kai ta wani shago a kasuwar Madani, ina da wata biyar. Mai hoto ya ce ta dubi yarinya, ta ƙi. Ya ce to ta dubi kyamara, ta ƙi. Ta kawar da kai gefe, ta ja bakin tob ta rufe rabin fuska. Ni kuma na fara zillo zan faɗi, Baba ya koma gefe yana kaɗa mini makullai, shi ya sa a hoton nake kallon waje ɗaya, ita tana kallon ɗaya wajen. Ya ce, "Amma da muka dawo gida kakarki ta kwance ki, sai ga shatin yatsu huɗu a cinyarki. Ta yi ta faɗa, wai za a karya mata takwara."

Na tuna tsintsiyar hannuna a tanti. Ban gaya masa ba.

Ba a juya zane daga hagu zuwa dama, sai sabon ƙyalle. Wancan na farko na bar wa matar ƙanena, don dama ita ce a ciki. Kafin in gama share fagen na biyu Ustaza ta tafi wurin ɗanta a Masar, ta bar mini buroshi uku, da wuƙar haɗa fenti, da baƙin fentin nan da ta ƙwace, ta ce yanzu na san inda ba a sa shi. Na biyun ni kaɗai na yi, bayan mun koma Madani, a ɗakin da muka sa wa labule a madadin ƙofa. Fuskar ba ta ba ni wahala ba wannan karon, domin kashi uku cikin huɗu ta juya, tob ya rufe sauran, abin da ya rage gefen kunci ne da jelar ido. Hannun ne ya ci mini mako biyar. Na kankare shi da wuƙa sau shida. Ko ya yi sakwa-sakwa kamar mai riƙe da ɗan wani, ko ya yi kamar mai shaƙe kaza. Daga ƙarshe na sa ƙanwata ta matse hannuna da ƙarfinta, na ga yadda gaɓoɓin yatsu suke yin haske, fatar da ke kewaye da su tana tattarewa, na zana abin da na gani.

Baba yakan shigo yanzu da kofin shayinsa ya tsaya. Ba ya cewa ya yi kyau. Ya ce tob ɗin ya fi haka kore, na ƙara. Ya ce akwai zoben azurfa a ƙaramin yatsa, na sa. Gwaggo da ta zo ta dube shi, ta ja bakin mayafinta ta share ido, ta ce kunnen bai yi ba, na Yaya ya fi haka ƙanƙanta.

Ustaza ta ce kada in shafa masa man ƙyalli sai ya yi wata shida, don cikinsa bai gama shan iska ba ko da samansa ya bushe. Saura wata biyu. Yana jingine yana fuskantar bango a ɗakina. Ƙusar ɗakin Baba tana nan, amma a ɗakin yake nafilarsa, sharaɗi kuma sharaɗi ne. Jiya na tarar ya sa ƙanena ya buga wata a zaure, sama da inda Inna take ajiye ƙwaryar godo-godo. Kunnen zan gyara kafin nan.